Gazawar Zuciya da Ɗawainiyar Majiyyaci a Gida

Mutumin da likita ya tabbatar masa da cewa yana da gazawar zuciya, in a Ƙofar Mazugal yake zaune, ba shi da nisa da asibiti. 'Yan mintoci ne a adaidaita-sahu zuwa Asibitin Murtala da ke daura da Ƙofar Mata, da ɗan ƙarin tafiya kuma zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da ke kan titin Zariya. Amma duk da wannan kusanci, ganin likita ba ya wuce sau ɗaya a wata ko a wata biyu, kuma da wuya zaman ya haura minti 15. Sauran kwanakin duka a gida ake yin su, a gaban kwanon tuwo, a rumfar kasuwa, a sahun masallaci. A waɗannan wurare ne ruwa yake taruwa a jiki ko ya janye. Wannan ya sa masana kiwon lafiya suka daɗe suna nazarin abubuwan da ke taimakon majiyyaci ya kula da kansa, da kuma waɗanda ke ɗaure masa hannu.

Abin da ake nufi da gazawar zuciya

Ƙofar Mazugal tana cikin ƙofofin da Tarihin Kano ya ambata a aikin ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara wajen ƙarni na 12, kuma ana danganta sunanta da zugar maƙera. Wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya ga zugazugi yana aiki, ya riga ya samu rabin bayanin zuciya. Fata ce ake buɗewa ta cika da iska, a matse ta ta hura wuta. Haka zuciya take buɗewa ta cika da jini, ta matse ta tura shi, kimanin sau 100,000 a kowace rana, tana zagaya da jini wajen lita 5 a minti ɗaya idan mutum yana hutawa.

Zugazugi yakan lalace ta hanya biyu. Ko dai fatar ta saki ta yi laƙwas har matsawar ba ta fitar da iska sosai, ko kuwa ta bushe ta ƙandare har ba ta buɗewa ta cika. Zuciya ma haka ne. Lafiyayyar zuciya tana fitar da kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari na jinin da ke babban ɗakinta na hagu a kowane bugu, kuma ana auna wannan da na'urar hoton zuciya mai aiki da sauti, wadda ake kira eko. Idan adadin ya sauko zuwa kashi 40 ko ƙasa, an ce tsokar ta yi rauni. Wani kuma adadinsa daidai ne, amma tsokar ta yi kauri ta ƙandare, yawanci saboda hawan jini na shekaru. Duka biyun gazawa ne, wato zuciya ba ta tsaya ba, tana dai kasa biyan bukatar jiki.

Abin da ke biyo baya shi ne mabuɗin dukkan maganar kula da kai. Da zarar jinin da ke isa ƙoda ya ragu, sai ƙoda ta ɗauka jiki ne ya rasa ruwa, ta shiga riƙe gishiri da ruwa. Ruwan nan yakan sauka a ƙafafu su kumbura, ya cika ciki da hanta, ya shiga huhu ya kawo haki da tari. Shi ya sa majiyyaci yake kasa kwanciya miƙe, yake ƙara matashi bisa matashi, wani lokaci ma ya farka cikin dare yana neman taga.

A Turai da Amurka ciwon ya fi kama tsofaffi, kuma toshewar jijiyoyin zuciya ce kan gaba wajen haddasa shi. A nan ba haka ba ne. Binciken THESUS-HF da aka wallafa a 2012, wanda ya tattara majiyyata 1,006 daga ƙasashen Afirka 9 har da Nijeriya, ya samu matsakaicin shekarunsu 52 ne kacal, kuma hawan jini ne sanadi a wajen kashi 45 cikin ɗari. Kusan kashi 18 cikin ɗari sun rasu cikin wata 6. Wani binciken na ƙasa da ƙasa, INTER-CHF, ya nuna a 2017 cewa kashi 34 cikin ɗari na majiyyatan Afirka da aka bi sawunsu sun rasu cikin shekara guda, adadin da ya fi na kowane yanki da aka auna. Mutum ɗan shekara 52 magidanci ne mai ciyar da iyali, ko uwa mai 'ya'ya a gabanta.

Kula da kai a ma'aunin masana

Farfesa Barbara Riegel, masaniyar aikin jinya a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, ita da abokan aikinta sun kasa kula da kai gida uku. Na farko shi ne kiyayewa ta yau da kullum: shan magani, rage gishiri, motsa jiki daidai ƙarfi, zuwa asibiti ranar da aka sa. Na biyu shi ne sa ido a kan jiki da gane canji idan ya faru. Na uku shi ne ɗaukar mataki idan an ga canjin. Amfanin wannan rabe-rabe shi ne ya nuna cewa mutum yana iya ƙwarewa a ɗaya ya faɗi a ɗaya. Akwai mai shan magani ba fashi, amma ƙafarsa za ta yi mako tana kumbura bai lura ba. Akwai kuma wanda ya lura sarai, amma ya ce bari a ga abin da gobe za ta yi.

Fahimtar ciwon ita ce tubali na farko, kuma a nan aka fi tuntuɓe. Yawancin cututtukan da jama'a suka saba da su, irin su zazzaɓin cizon sauro da gudawa, ana shan magani ne na 'yan kwanaki a warke a ajiye. Majiyyacin da aka kwantar, aka yi masa allurai, kumburi ya saɓe, numfashi ya dawo, ba abin mamaki ba ne ya ɗauka an gama. Idan ɗansa ya ce, "Baba, maganin ya kusa ƙarewa, a ƙaro?" sai ya amsa da cewa ai ya samu sauƙi, a bar kuɗin a yi cefane. Bayan mako uku ko huɗu a sake ɗaukarsa ranga-ranga. Sauƙin da ya ji aikin maganin ne, raunin zuciyar yana nan. Wasu magungunan ma, kamar masu rage saurin bugun zuciya da masu sassauta jijiyoyin jini, ba a jin amfaninsu a jiki nan take, aikinsu shi ne tsawaita rai da hana zuciya ƙara lalacewa. Wanda ba a yi wa wannan bayani da Hausa, a tsanake, ba zai ga dalilin kashe kuɗi a kan ƙwayar da ba ya jin tana yi masa komai ba.

Tukunya ɗaya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci babban mutum kada ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe. Idan aka ce wa majiyyaci ya rage gishiri, hankalinsa yakan tafi ga farin gishirin da ake barbaɗawa. Alhali sinadarin da ke riƙe ruwa a jiki, wato sodiyam, yana ɓoye a wurare da dama. Dunƙulen magi rabin nauyinsa ko fiye gishiri ne, kuma sau da yawa akan jefa huɗu ko biyar a miya ɗaya, sannan a ƙara gishiri a kai. Yajin tsire da na kilishi da na ɗanwake duk da shi ake daka su. Burodi yana da shi, haka ɗan ƙunshin da ke cikin taliyar leda.

Sai kanwa, wadda ta cancanci a tsaya a kanta. Sunan da Turawa suka laƙaba mata yana sa wasu masu ilimin boko su zaci sinadarin fotasiyam ce, amma binciken kimiyyar haɗa sinadarai ya nuna mafi yawanta gishirin sodiyam ne. Ba ta da ɗanɗanon gishiri sosai a baki, shi ya sa ba a lissafa ta. Ga shi kuwa da ita ake kwaɓa ɗanwake, da ita ake dafa wake ya yi saurin nuna, ana jefa ta a miyar kuka da ta kuɓewa, ana jiƙa ta a sha don ciwon ciki. Mai gazawar zuciya da ya daina gishiri ya ci gaba da kanwa bai rage komai ba.

Babbar matsalar ita ce majiyyaci ba shi kaɗai yake cin abinci ba. A gidan da mutum 15 ko 20 suke ci daga tukunya ɗaya, wa'azin rage gishiri ga wanda ba shi ke riƙe da ludayi ba ɓata baki ne. Magidanci ba ya shiga madafa. Amarya a gidan surukai ba ta da bakin cewa a canza girki saboda ita. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a ɗebi miyar majiyyaci tun kafin a zuba gishiri da magi, a gyara tasa da daddawa, da albasa, da tafarnuwa, da citta, da ɗan lemon tsami ko tsamiya. Wannan ba ya bukatar tukunya ta biyu, amma yana bukatar mai girkin ta ji bayanin da kunnenta. Saboda haka ya fi dacewa ranar asibiti a tafi da ita.

Ya kamata a ƙara da cewa ilimi ya ɗan sauya a nan. Gwajin SODIUM-HF da aka wallafa a 2022 bai nuna cewa tsananta ƙaurace wa gishiri fiye da kima yana rage mutuwa ko kwanciya a asibiti ba. Abin da ake nema shi ne guje wa yawa, ba a mai da abinci lami har majiyyaci ya ƙi ci ya rame ba, domin rama ita ma haɗari ce ga mai wannan ciwo. Haka batun ruwan sha: taƙaita shi zuwa lita ɗaya da rabi ko 2, wato ledar ruwa 3 zuwa 4, ana yin sa ne ga wanda ciwonsa ya yi tsanani bisa umarnin likita. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40, mai shan maganin fitsari da ya hana kansa ruwa yana iya jawo wa ƙodarsa lahani.

Aljihu, kemis da mai magani

Ƙa'idar jinya ta yau ta tanadi rukunin magunguna huɗu ga mai raunin tsokar zuciya, ban da maganin fitsari. Wasu tsofaffi ne masu sauƙin kuɗi, wasu sababbi ne masu tsada. Tun daga 2023, da aka janye tallafin man fetur, darajar naira kuma ta faɗi, farashin magunguna ya tashi ƙwarai. Jihar Kano tana da hukumar taimakekeniyar lafiya, amma mafi yawan 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu daga aljihu suke biya. Abin da ke faruwa sananne ne: a sayi na kwana 10 maimakon na wata, a riƙa shan ƙwaya yau a tsallake gobe, ko a zaɓi maganin fitsari kaɗai tunda shi ne ake ganin aikinsa. Kunya takan hana majiyyaci faɗa wa likita gaskiya, likita kuma ya ga jiki bai gyaru ba ya ƙara wani maganin a kan wanda ba a saya ba. Da an ce, "Likita, ƙarfina bai kai duka ba," da ya zaɓi waɗanda ba a yi sai da su, ko ya musanya mai tsada da mai araha.

Kemis na unguwa shi ne asibitin farko ga jama'a da yawa, kuma a nan akwai tarko. Magungunan ciwon jiki da na sanyin ƙashi, irin su ibufurofen da dikulofenak, suna sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, suna kuma rage ƙarfin maganin fitsari. Haɗin nan na ƙwayoyi da ake ƙullawa a leda don gajiya da wuya a rasa ɗayansu a ciki. Dattijuwa mai ciwon gwiwa tana iya komawa gadon asibiti saboda ƙwayar da ba ta taɓa zaton tana da alaƙa da zuciya ba. Jiƙe-jiƙen gargajiya kuma ba a san adadin abin da ke cikinsu ba, wasu da kanwa ake haɗa su, wasu suna wahalar da ƙoda. Kumburin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa yakan sa dangi su fara zancen sammu, daga nan sai a ajiye maganin asibiti.

Shi kansa maganin fitsari, wanda aka fi sani da Lasix, yana da nasa cikas da ba a cika rubutawa a littattafai ba. Ɗan kasuwar da zai wuni a Kurmi ko Kwari, inda bayan gida yake da nisa kuma sai an biya, yakan bar shi sai ranar hutu. Mai son riƙe alwala, da mai tafiya ɗaurin aure ko ta'aziyya, su ma haka. Wannan matsala ce mai sauƙin warwarewa: ƙarfin ƙwayar yana ɗaukar kimanin awa 6, don haka ana iya shan ta da asuba ko a jinkirta ta zuwa dawowa gida da rana, in dai an shirya da likita. Azumi ma haka yake. Wanda ciwonsa ya lafa yana iya yin azumi bayan an gyara masa lokutan magani tun kafin watan ya kama. Wanda bai daɗe da sauka daga gadon asibiti ba, ko yake haki ko da yana zaune, yana cikin waɗanda likitoci ke hanawa, kuma shari'a ta ba mara lafiya rangwame.

Mai jego

Arewacin Nijeriya ya yi suna a littattafan likitanci na duniya saboda wani nau'in gazawar zuciya da ke kama mata a ƙarshen ciki ko cikin watannin farko bayan haihuwa. A shekarun 1970, Davidson da Parry sun yi nazarin mata 224 a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, suka danganta yawan ciwon da al'adun jego: wanka da tafasasshen ruwa, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da shan kunun kanwa. An yi shekaru ana koyar da haka. Daga baya Farfesa Kamilu Ƙaraye na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka sake duba lamarin. A 2015 sun ba da rahoton cewa kimanin kashi uku cikin huɗu na mata masu ciwon da suka auna a Kano suna da matsanancin ƙarancin sinadarin seleniyam a jini. Sannan babban binciken PEACE, wanda ya ƙunshi mata 406 daga asibitocin Nijeriya 22 aka kuma wallafa a 2020, ya samu ciwon ya fi yawa a Arewa maso Yamma, inda yake kama kusan mace ɗaya cikin kowace haihuwa ɗari. Abubuwan da suka fito a matsayin haɗari su ne rama, da rashin ilimin boko, da rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki. Al'adun jego ba su fito a matsayin sanadi ba.

Wannan sakamako ya sauke wa kakanni wani laifi da aka daɗe ana ɗora musu, ya mai da shi kan talauci da rashin abinci mai gina jiki. Sai dai kada a karanta shi a baibai. Cewa kunun kanwa ba shi ya raunana zuciyar ba daban ne da cewa ba ya cutar da wadda zuciyarta ta riga ta yi rauni. Ita kanwa sodiyam ce, zafin ruwa kuma yana buɗe jijiyoyin fata ya ƙara wa zuciya aiki. Mai jegon da aka tabbatar tana da ciwon dole ta bar duka biyun, kuma ba ita ce mai wannan hukunci ba. Yarinya 'yar shekara 19 da ta je wankan gida ba za ta iya cewa, "Inna, likita ya hana," a saurare ta ba, sai in Innar ta ji daga bakin likitan ko ma'aikaciyar jinya. Haka nan alamomin farko, wato haki da kumburi da kasala, akan ɗauke su a matsayin wahalar haihuwa, a yi ta jira har sai numfashi ya gagara.

Akwai kuma zancen ciki na gaba. Wasu matan zuciyarsu takan farfaɗo cikin wata 6 zuwa shekara, wasu ba ta komawa daidai. Wadda hoton eko ya nuna ba ta farfaɗo ba, sake ɗaukar ciki yana iya zama ajalinta. Shawarar tazarar haihuwa a irin wannan hali magani ce kamar kowane magani, kuma ba ta tasiri sai da miji a wurin.

Sikeli da alamomin haɗari

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jiki yana iya tara lita 2 ko 3 kafin ido ya ga kumburi, amma sikeli yana gani tun da wuri. Ƙa'idar da likitocin zuciya suke bayarwa ita ce a hau sikeli kowace safiya bayan fitsari, kafin karin kumallo, da tufafi masu nauyi iri ɗaya, a rubuta. Ƙarin fiye da kilo 2 cikin kwana 3 ruwa ne, ba ƙiba ba, kuma dalili ne na neman likita a ranar. Gidaje kaɗan ne suke da sikeli, kuma ba kowane dattijo ne yake karanta lamba ba. Jika ɗan makaranta yana iya riƙe littafin. Inda babu sikeli sam, akwai ma'aunai na gida: takalmin da ya fara matsewa, zoben da ya ƙi fita, ramin da yatsa ya bari a ƙauri bayan an danna, yawan matashin da ake bukata kafin barci ya yiwu, da ko tafiya zuwa masallacin unguwa ta fara bukatar tsayawa a hanya.

Wani abin da ke kashe wannan sa ido shi ne ciwon damuwa, wanda bincike ya nuna yana kama kimanin mutum ɗaya cikin biyar na masu gazawar zuciya. Magidancin da ya saba fita nema ya koma zaman zaure yana jiran a ba shi, yakan yi shiru, ya daina cin abinci, ya daina damuwa da magani. Dangi sukan kira wannan haƙuri ko tawakkali, alhali ciwo ne da ake jinyarsa. Tsufa da ƙarancin jinin da ke isa ƙwaƙwalwa kuma suna kawo mantuwa, don haka ya kyautu mutum ɗaya a gida ya ɗauki nauyin miƙa ƙwayoyin da hannunsa safe da yamma.

Wasu alamomin ba sa jiran wayewar gari: haki ana zaune, tari mai kumfa ko mai jirwayen jini, ciwon ƙirji, suma, ruɗewa, ko hannu da ƙafa su yi sanyi ana zufa. A zaunar da majiyyaci a jingine, ƙafafu a ƙasa, kada a kwantar da shi, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo. Da yake lungunan cikin birni da yawa mota ba ta shiga, samun abin hawa da ƙarfe 2 na dare kuma ba ƙaramin aiki ba ne, gidan da ke da irin wannan majiyyaci yana bukatar ya ajiye lambar wani mai adaidaita-sahu ko maƙwabci mai mota tun da rana, a kuma haɗa katin asibiti da kwalayen magunguna a jaka ɗaya kusa da ƙofa.